Ninki Huɗu da Kaskon Gyaɗata: Shekara Bakwai Bayan Bawa Mai Rediyo

Bana shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran Bawa mai rediyo. Ba a takarda na duba ba. Ya rasu ne a daminar da gulbi ya cika ya shigo gonar shinkafarmu ya yi kwana uku bai fita ba, wato shekara guda bayan ruftawar rijiyar unguwarmu, kuma shekarar da turmin haƙorina na ƙarshe ya rabu da ni a kan ƙashin zabo. Abin da zan ba ku labarinsa kuwa ya riga rasuwar da rani uku. Wanda ya ce ba haka aka yi ba ya zo Gummi ya tambayi gidan Inna Kulu mai gyaɗa, ina nan zaune. Surukata Safiya, matar ɗana na fari, malamar makaranta, ita ke riƙe da alƙalami, kuma na ja mata kunne kada ta rage mini magana.

Bawa ƙanen mijina ne, don haka tun da aka kawo ni gidansu har ya bar duniya ba mu taɓa gaisawa da daɗin baki ba. Kullum da hantsi zai shigo ya ɗauki ƙwaryar furar da na ajiye masa, ya shanye tas, ya share baki ya ce, "Matar yaya, har yau dai ba ki iya damu ba." Ni kuma in ce, "Tashi ka tafi, mutane na can na jiran ka ƙarasa kashe musu rediyo." Ko bayan rasuwar yayansa bai fasa zuwa ba, ni ma ban fasa damawa ba.

Rumfarsa tana kasuwar Gummi, kusa da inda nake kasa gyaɗa. Ranakun kasuwar Bukkuyum da ta Anka kuma ya ɗaure akwatinsa a bayan wani tsohon babur ya tafi. Kayan aikinsa ba su da yawa: tabarau mai ƙafa ɗaya da ya ɗaure da zare, kaskon gawayi, da ƙarfen liƙi wanda maƙeri ya ƙera masa, kai na jan ƙarfe, ƙota ta icce. Ya tura shi cikin garwashi, in ya yi zafi ya narka dalma da shi. Bai taɓa jiran wutar lantarki ba. In aka kawo masa rediyo ko fitila, sai ya zaro koren allon nan da ke ciki, ya ɗaga shi ga rana, ya bi siraran hanyoyin jan ƙarfen da ke jikinsa da ido, kamar makiyayi na bin sawun saniyar da ta ɓace. Inda hanya ta katse ya ɗora 'yar waya ya liƙe, abu ya tashi.

Bawa bai tara komai ba. Gonarsa ba ta kai shi sabuwar damina ba, bai je Makka ba, baburinsa ma sai an tura. Abu ɗaya yake da shi, kuma duk ƙasar nan an san shi da shi: ba a taɓa kawo masa abu ya ce ya gagare shi ba. Da wannan yake shiga taro ya zauna gaba. Ni nakan ce gaskiya ne, ba abin da ke komawa yadda ya zo, wani yakan koma ya fi lalacewa. Amma a raina na san ba ƙarya yake ba.

To ni kuma ina da ɗa wanda ya yi karatun irin waɗannan alluna a makarantar boko har ya gama. Ɗan fari ne, ba za ku ji sunansa a bakina ba. Mutanen gari suna ce masa Injiniya, da wannan za mu tafi. Ku 'yan yanzu da kuke rungume 'ya'yanku na fari a gaban jama'a ba za ku gane ba. Mu a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta zama ta yi hira da shi. In ya yi abin kirki ka kau da kai, daɗin ya tsaya maka a wuya. Haka na rayu da shi, kuma daga nan matsalar ta taso.

Masu noman rani na fadama sun sami famfunan ban ruwa masu aiki da sola. Akwai wani akwati da ke tsakanin gilashin sola da famfon, shi ke daidaita wutar. Waɗanda suka zo da famfunan sun yi ta mutuwa, sai manoman suka roƙi Injiniya ya yi musu wanda zai jure ƙasarmu. Ya zauna a zaure da kwamfutarsa yana zana allon da za a sa a ciki, in ya gama ya aika ƙasar Sin a ƙero. Bawa kuwa ya tare a gefensa. Ni ina bayan katanga ina tsince wake, ba sauraro nake ba, kunne ne ba ya rufuwa.

A nan na fahimci abin. Hanyoyin nan na jan ƙarfe ba a yarda su taɓa juna ba. In fuskar allo ta cika sai a zaga bayansa a ci gaba, shi ne mai ninki biyu. In gaba da baya suka cika, sai a binne waɗansu shimfiɗu a tsakiya a manne, ya zama huɗu, ko shida, kamar a ninke zane a ɗinke bakinsa yadda ba mai sake ganin ciki. Kafin a aika zanen dole mai zane ya yanke shawarar ninki nawa yake so, kuma in an ƙero an ƙero.

Injiniya ya ce, "Baffa, in na yi huɗu allon ba zai wuce tafin hannu ba. Kuma za a shimfiɗa jan ƙarfe guda a ciki, shi zai hana gurnanin famfo rikita ƙananan hanyoyin."

Bawa ya ce, "In ka yi biyu fa?"

"Zai yiwu, amma sai na faɗaɗa shi, na yi ta zagaye da hanyoyi. Zai kai faifai."

"To yi faifan. Wa ya ce maka fadama ta rasa wuri? Ni dai abin da ba ni gani ba ni gyara shi. Ka bar mini hanyoyina a fili."

Suka yi kwana biyu suna wannan ja-in-ja, ba a tsaya kan komai ba.

Ana cikin haka aka yi suna a gidan Tumba. Tumba sa'ata ce, tare muka yi tallar nono muna 'yan mata, kuma tun lokacin ba ta taɓa ganin na sami abu ta bar ni na ji daɗinsa ba. Ita ɗanta mai arziki auta ne, don haka bakinta a buɗe yake. Ta yi ta kiran sunansa: ya sayi mota, ya sa mata tayil a ɗaki, ya kawo mata katifa mai kaurin da sai ta taka turmi take hawa. Da ta gaji ta juyo ta ce, "Kulu, naki fa? Har yanzu yana zaure yana kallon gilashi?"

Mata suka zuba mini ido suna jira. Yabonsa ba dama, shiru kuma ya fi zafi. Sai na taɓe baki na ce, "Wancan? Bar shi. Yana can yana ɓata lokaci a kan wani allo, wai mai ninki huɗu, wai ba a taɓa yin irinsa a ƙasar nan ba."

Wallahi ba wadda ta san ko mene ne, amma sai da aka yi salati. Mu mata mun san abu ɗaya: katifa huɗu ta fi biyu, jeren kwano huɗu ya fi biyu, turmin atamfa huɗu ya fi biyu. Kafin a watse an fara kirana uwar mai huɗu. Tumba ta kasa gama tuwonta. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Ina shigowa na ji Bawa a zaure yana cewa, "Madalla ɗana, Allah shi yi maka albarka." Ashe ina can ina shelar huɗu, su suna nan sun daidaita a kan biyu.

Ku gaya mini yadda zan yi. In kira ɗan nawa in ce ya canza? Ban taɓa kiransa ba. In aika matarsa? Ta tambaye ni dalili. Sai na tuna ina da wata jar akuya da nake ɗaurewa daidai tagar zaure. Washegari da na ji ya buɗe kwamfuta, na ɗauki dusa na je na tsuguna gabanta, na ɗaga murya.

"Ci, 'yar ja, ci. Ke dai kin san darajar gidan da kike. Bara huɗu kika haifa, ba ki ce biyu sun isa ba. Wasu kuwa an kai su makaranta shekara da shekaru, sun dawo suna rowar abin da ba su za su ci ba."

Kwana uku ina yi wa akuyar nan wa'azi. Na gaya mata gidanmu ba a san shi da rabin abu ba. Na gaya mata akwai uwar da ta riga ta buɗe baki a gaban mata, in aka kunyata ta sai dai ta daina zuwa suna da biki har ta mutu. Furar da nake aika wa Injiniya kuma na daina sa mata zuma. Akuya ta yi ƙiba, zaure ya yi tsit.

Rana ta huɗu na ji yana cewa, "Baffa, na sake dubawa. Huɗun nan ya fi. Zai fi shiru, zai fi tsafta, akwatin ma zai fi ƙanƙanta." Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kada ku ce ɗana bai san aikinsa ba. Ma'aunin ne ya tsaya daidai, na ɗora masa yatsa.

Bawa bai yi musu ba. Ya shigo cikin gida, ya tsaya ya daɗe yana kallon akuyar, sannan ya ce, "Matar yaya, wagga dabba a wace makaranta ta yi karatun injiniya?"

Na ce, "Inda ka kasa shiga."

Allunan suka iso, guda goma, kore shar, kowanne kamar tafin hannu. Aka sa su cikin akwatuna aka kai fadama. Ruwa ya yi ta zuba kamar ba gobe. Sati shida ba wanda ya yi tari. Ni kuwa na sa Tumba ta raka ni har fadama, wai in nuna mata inda ake samun zogale mai kyau, muka bi ta gaban kowane famfo.

Sai Injiniya ya tafi Zariya wani ƙarin karatu na wata guda. Kafin ya tafi ya bar wa Bawa kayan canji a gwangwani, ya ce in wani abu ya ƙone a cire a sa sabo. Bai yi kwana goma da tafiya ba wani ƙadangare ya sami ƙofa ya shige akwatin Nomau. Nomau manomin albasa ne, mutum mai faɗa ko an gaishe shi. Ƙadangaren ya kwanta a kan allo ya haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba. Ya soye, ya tafi da wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, famfo ya tsaya. Albasa kuwa ta fara ƙwai, lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi.

Ranar kasuwa Nomau ya kawo akwatin rumfar Bawa. Ina zaune da tirena ina gani. Aka kira Injiniya a waya, ya ce abu ne mai sauƙi, a cire mai ƙafa ukun a liƙa wani. Bawa ya yi murmushi, ya gyara tabarau, ya zaro ƙarfe daga wuta ya ɗora. Dalma ta ƙi narkewa. Ya mayar ya fifita, ya sake ɗorawa. Ta yi ɗan laushi ta sake daskarewa. Ya ƙara gawayi har mai tsire na kusa ya leƙo ya ga ko an buɗe masa kishiyar sana'a. Sau bakwai yana ɗorawa. Mutane suka fara taruwa, don ba a saba ganin Bawa ya wuce sau biyu ba.

Ya ɗaga allon ga rana yadda ya saba. Rana ba ta ratsa shi ba. Baƙi ƙirin, kamar ya ɗaga murfin tukunya.

Nomau ya ce, "Malam Bawa, albasata kwana biyu ba ta sha ba. In ba ka iyawa ka faɗa mini in san inda zan nufa."

Na ga gumi na bin gemun Bawa. Ya ajiye ƙarfen a hankali. Ya ce, "Ba ni iyawa."

Shekara arba'in ina jiran in ji wannan magana daga bakinsa don in yi masa dariya. Da ta fito, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya. Wani daga cikin taron ya ce zamani ya wuce tsoho. Bawa ya kashe wutarsa tun azahar ba ta yi ba, ya tura baburinsa ya tafi, bai ko kalli inda nake ba.

Washegari furarsa ta yi tsami a ƙwarya. Jibi ma haka. Rana ta uku na yafa mayafi na tafi gidansa. Na same shi a gindin darbejiya, akwatin aikinsa a kulle, allon a kan cinyarsa yana juya shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce na ba shi haƙuri ba, ban iya ba. Cewa na yi, "Ashe kana da rai. Na zo in ji ko a fara rabon gadon babur."

Bai rama ba. A nan na san abin ya kai inda ya kai. Ya ce, "Kulu," kuma bai taɓa kiran sunana ba sai ranar, "shimfiɗar jan ƙarfen da aka binne ciki ita ke shanye zafin. Ina ɗora ƙarfe, ta janye ta raba ko'ina. Kamar in zuba ruwan buta a rairayin gulbi. Na gama, matar yaya. Yau wanga, gobe duk haka za su zo."

Na zauna kusa da shi. Sai na ce, "Wato allon ne ke da sanyi."

"Haka ne."

"Kai da ka shekara sittin kana cin masar mutane, ka taɓa ganin an zuba ƙullu a tanda mai sanyi? Ai sai ƙasar ta ɗau zafi gaba ɗaya. Ku maza wuri ɗaya kuke sa wa wuta ku tsaya kuna mamaki."

Ya ce in an sa allon a wuta zai ƙone. Na ce gyaɗa ma in an sa ta a wuta ƙonewa take, shi ya sa ake soya ta cikin rairayi. Ya ɗago kai ya dube ni.

Na koma gida na ɗauko kaskon suyar gyaɗata. Kaskon nan na gada ne wurin innata, maginyar da ta yi shi ta rasu tun ban yi aure ba, kuma ban taɓa samun mai riƙe zafi daidai kamarsa ba. Bawa na ganinsa ya ce, "A'a. In dalma ta shiga wanga kasko ya bar abinci har abada." Gaskiya ya faɗa. Tun abin da gubar dalma ta yi wa yara a Yargalma da kewayenta, ba mai hankalin da ke barin ta kusa da abin ci, ni kaina na hana shi narka ta a gidana. Na ce, "Na sani. Hura wuta, surutu ya yi yawa."

A bayan gidansa muka yi, a fili, iska na kaɗawa. Na zuba rairayi na yi ta juyawa, ina gwada zafin da bayan hannu. Karon farko na zarce, wani ɗan farin roba a gefen allon ya lanƙwashe kamar kunnen tunkiya. Bawa ya yi ihu, "Kin soya shi!" Na ce, "Ka ga ya yi ja? In bai yi ja ba bai soyu ba." Na janye icce biyu, muka jira. Da rairayin ya kai zafin da nake sauke gyaɗa, na ce ya kwantar da allon a kai ya ƙirga salati goma. Ya ƙirga. Ya ɗauko ƙarfensa ya ɗora.

Dalmar ta narke ta yi ƙyalli kamar man shanu a rana.

Bawa bai ɓata lokaci ba. Ya zare mai ƙafa ukun, ya sa sabo, ya liƙe ƙafa uku cikin numfashi uku. Kafin la'asar ruwa na gudu a fadamar Nomau. Albasar bakin gona ta riga ta tafi, amma yawancinta ta tashi, kuma Nomau ya gode ta hanyar da ya iya, wato bai zagi kowa ba ranar.

Ran kasuwa Bawa ya fito da kaskona a rumfarsa, cike da rairayi, ya ɗora a kan murhu yana juyawa da fuskar manyan malamai. Jama'a suka taru. Wanda ya ce zamani ya wuce tsoho shi ya fara cewa ai dama ya san Bawa komawa ya yi ya yi nazari. Ina zaune taku biyar daga wurin, da gyaɗar da na soya a wani sabon kasko mai ƙona gindi, ina ji ana yabon hikimar Bawa. Na buɗe baki. Ya matso kamar zai sayi gyaɗa, ya ce a hankali, "Matar yaya, ki bari sai na mutu."

Na rufe bakin. Ku da kuka san ni kun san abin da wannan ya ci mini. Ga shi ya mutu, na ma ƙara masa shekara bakwai kyauta.

Amma kada ku ɗauka kaskona ya wanke ni. Kafin Injiniya ya dawo wani akwatin ya sake tsayawa, na wani bawan Allah mai tumatir. Wannan karon ba abin da ya ƙone a waje. Hanya ce ta katse a can ciki, tsakanin ninki da ninki, inda ba ido ba ƙarfe. Rairayin duniya ba zai kai wurin ba. Mutumin ya koma ɗiban ruwa da guga har aka sami wani allon. Da Injiniya ya dawo, Bawa bai yi masa faɗa ba. Ya dai miƙa masa allon ya ce, "Ɗaga shi ga rana ka nuna mini inda zan sa waya." Injiniya ya ɗaga, ya sauke, ya buɗe kwamfuta. Ni kuma na kwance akuyata na mayar da ita can bayan rumbu.

Sababbin da aka ƙero masu ninki biyu ne, faɗinsu kamar faifai, hanyoyinsu a fili ɓaro-ɓaro, har ni ina iya bin su da tsinke. Sai da ya sha wahala kafin ya hana gurnanin famfo damun su, ya yi ta zagaye da hanyoyi har ya rame. An kuma toshe ƙofar ƙadangaru da raga. Tumba ba ta bari ya huce ba. Ta tare ni a wani biki ta ce, "Uwar mai huɗu, na ji an koma biyu. Karayar arziki ce?" Na ce, "Huɗu ai na masu koyo ne, wuri ya yi musu yawa. Gwani shi ke shigar da kayan huɗu cikin biyu." Mata suka sake yin salati. Ban sani ba ko gaskiya ce, amma da Safiya ta gaya wa mijinta, ta ce ya yi dariya har ya ƙware, ya ce rabinta gaskiya ce.

Yanzu in na zauna nakan ce, da Bawa zai leƙo ya ga kasuwar yau, me zai ce? Wayoyin da ke hannun kowa an ce allunansu ninki ne a kan ninki har ba a ƙirgawa da hannu ɗaya. Masu gyara suna da wata na'ura mai hura iska mai zafi, ba gawayi ba rairayi, kuma rabin abin da aka kawo musu cewa suke a sayi sabo. Ina jin da zai tsaya ya kalli na'urar nan, ya ce kaskonsa ne aka sa wa wutar lantarki, kuma ba wanda ya zo ya gode masa. Kaskonsa, ku ji fa. Sannan zai tambayi mai rumfar sau nawa ya ce wa mutum ba ya iyawa, in ya ji amsar ya kama baki.

Injiniya har yau yana wannan aiki, kuma ba ya gudun huɗu ko shida in abin ƙarami ne, ko hanyoyinsa sun yi yawa, ko na asibiti ne da ba a son ko ƙwayar rikici. Amma na ji yana gaya wa masu koyo a wurinsa cewa kafin su ƙirga ninki su fara tambaya: in ya lalace, wa zai gyara, a ina, da wane ƙarfe? Duk abin da zai kwana a fadama biyu yake yi masa. Ba a makaranta ya samo wannan ba, a bakin baffansa ya ji.

Saboda haka ga abin da na sa a rubuta. Rairayi nawa ne, kasko nawa ne, wannan na karɓe abina yau a gaban kowa. Amma rairayi na nan cike da gulbi, ni ban taɓa tayar da ko fitila da shi ba. Hannun na Bawa ne. Kuma sau ɗayan nan da ya buɗe baki a kasuwa ya ce ba ya iyawa, kada a rubuta shi a kansa. Shi ya faɗi gaskiya tun ana zane, ni na je gidan suna na yi baki. A rubuta shi a kaina. Bawa mai rediyo ya tafi ba abin da ya gagare shi. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da yayansa a gidan rahama.

Cikin waɗanda suka ga wannan abu, mai tsire ya rasu, mai tumatir ya rasu, wanda ya ce zamani ya wuce tsoho shi ma zamanin ya wuce shi. Saura Nomau, yana nan, kunne ya tafi amma faɗan bai tafi ba. Saura Injiniya, da furfura ta fara kama shi. Saura Tumba, tana kwance a kan katifarta, ba ta gane kowa sai ni, kuma in na shiga sai ta juya mini baya. Sai ni Kulu, da na rage ba wanda zai shigo ya zage ni in ji daɗi.